Ranar da Hajo Ta Kashe Wayarta

Duk wanda ya zauna a Agege a waɗancan shekarun, in dai mai cin tuwo ne, ya san rumfar Hajo. Tana nan daf da titin jirgin ƙasa, kusa da inda masu goro ke sauke huhuna. Rumfar kwano ce mai benci huɗu da manyan tukwane uku da ba sa sauka daga kan wuta tun hantsi har bayan magariba. Hajo mutuniyar Madarunfa ce, can ƙasar Maraɗi. Ta biyo mijinta Salissou ne zuwa Legas, shi kuma ya yi gadin wata masana'antar roba a Isolo shekara goma sha tara, kafin ciwon ƙirji ya kwantar da shi, Mai shi Ya karɓi abinSa. Dangi suka aiko ta koma gida. Ta ce 'ya'yanta mata biyu a nan aka aurar da su, kabarin mijinta ma a nan yake, ina za ta? Ta zauna ta riƙe tukunyarta.

Yawancin masu cin abincinta 'yan ci-rani ne, samari da magidanta daga ƙauyukan Katsina da Zamfara da Jigawa. Da an gama girbi sai su sauko, wasu su yi dako a mahautar Oko-Oba, wasu su tura kurar ruwa, wasu su bi unguwanni suna gyaran takalmi, sai damina ta ƙarato su tattara su koma gona. Ba su da ɗakin kansu. Wani a barandar masallaci yake kwana, wani a gaban shagon da yake gadi, kuma wanda ba shi da ƙofar kullewa ba ya kwana da kuɗi a aljihu. Haka suka fara ba Hajo ajiya. Ita ba ta nema ba. Mutum ɗaya ne ya fara, da ya tashi tafiya ta miƙo masa abinsa har da robar da ya ɗaure shi da ita, ya je ya ba ɗan garinsu labari. Kafin a ankara, ba a kiranta da komai a wurin sai Inna.

Shekaru da dama a gwangwanin madara take ajiyar, a ƙarƙashin gado. Abu biyu ne suka raba ta da gwangwanin. Na farko, gobara ta cinye layin ɗakunan da ke bayan nata, ta fito da gwangwanin a ka, ko mayafi babu, mutane suna kallonta. Na biyu kuma abin da ya sami Ɗanliti, wani magidanci ɗan ƙasar Kankiya da ke dakon nama a mahauta. Ya karɓi ajiyarsa ta rani guda cur, ya hau mota daga Iddo, 'yan fashi suka tare su bayan sun wuce Jebba, suka kwantar da su a kan kwalta suka kwashe komai. Ya isa gida da rigar jikinsa kawai. Da ya dawo Agege bayan girbi, Hajo ta ga yadda ya rame, ta zuba masa tuwo ta juya baya don kada ya ga idonta.

A lokacin shekara biyu da wani abu ke nan da sojoji suka koma bariki, sababbin bankuna sai buɗe rassa suke yi, ana kuma ta maganar wayar salula da ta fara shigowa. Masu goro suka gaya mata akwai wani banki a bakin babban titi da ya haɗa rassansa da kwamfuta: ka zuba kuɗi a Agege da safe, ɗan'uwanka ya karɓa a Katsina kafin azahar, ba mota, ba hanya, ba ɗan fashi. Hajo ta kwana biyu tana juya maganar, ta yi wanka ta sa atamfarta ta zuwa biki ta tafi.

Saura kaɗan ta juyo daga bakin ƙofa. Sanyin wurin ya ratsa ta, kowa sai Turanci yake yi da sauri, takardu kuma ga su nan birjik, ita kuwa ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, lambobi kaɗai ta sani saboda kasuwa. Tana tsaye tana gunaguni da Hausa cewa wannan ba wurinta ba ne, sai wata ma'aikaciya ta ɗago kai daga bayan tebur ta ce mata sannu da zuwa, Mama. Sunanta Rifkatu, mutuniyar Pankshin, doguwa, baƙa, da ɗan gicciye a wuyanta. Hausarta irin ta mutanen Jos ce, ba ta damu da bambanta wasu haruffa ba, amma a kunnen Hajo a ranar ta fi ta kowane malami daɗi.

Rifkatu ce ta cika mata takardu, ta aika aka kira masu goro biyu suka tsaya mata, ta kuma zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla. In tana so a ba wani kuɗi a wani gari, ba sai ta bar tukunyarta ba. Za ta kira lambar bankin, ta latsa lambar asusunta, ta latsa lambar sirri, sannan mutum ya ɗauka ta faɗi sunan wanda za a ba da reshen da zai je. Saƙon zai biyo ta teburin Rifkatu, ita ta sa hannu, a biya. Daga nan ta miƙo mata wata ambulan a manne, ta kawar da kai har Hajo ta buɗe ta duba.

"Mama, lamba huɗu ce kawai. Ki riƙe ta a ka, ki ƙona takardar. Da yatsa ake latsa ta, ba a faɗin ta da baki. Ko ni na tambaye ki, kada ki gaya mini."

Hajo ta ce to, ɗiyata. Da ta koma rumfa ta jefa takardar a murhu. Bayan wata biyu ta kwashi adashi ta sayi waya, wata baƙa mai nauyi kamar dutsen guga, ta ɗinka mata 'yar jaka ta rataya a wuya. Abin ya yi kyau yadda ba ta zata ba. Wanda matarsa ta haihu, wanda uwarsa ba lafiya, sai ya zo ya faɗi sunan ɗan'uwansa, Hajo ta goge hannu ta latsa, kafin la'asar an karɓa a Katsina ko Gusau.

A cikin ranin nan ne wani sabon mutum ya fara zuwa cin tuwo. Ya ce sunansa Ridwanu. Kullum cikin farar taguwa da laktaye, takalminsa yana ƙyalli duk da ƙazantar bakin titin jirgi, ga wata igiya mai launin bankin Hajo a wuyansa, katin da ke jikinta a cuse cikin aljihu. Hausarsa irin ta haifaffun Legas ce, yana yi yana cakuɗawa da Yarbanci da Turanci. Ya ce a hedikwatar bankin yake aiki can tsibirin Legas, gidansa a Abule Egba, yana sauka daga motar danfo ne takanas don miyar kukarta tana tuna masa da kakarsa. Hajiya yake ce mata, ko da yake ba ta taɓa zuwa Makka ba. In ya biya ba ya karɓar canji. Yana tambayar lafiyar jikokinta, har sunayensu ya riƙe. Wata rana wasiƙa ta zo mata daga banki, ba kowa a kusa mai karatu, ya karɓa ya karanta mata, ya ce ba komai ba ne, gaisuwar sabuwar shekara ce da ta makara. Ya ɗan jima yana kallon takardar kafin ya ninke, ya kuma karɓi lambar wayarta wai ko wani abu zai taso. Hajo ba ta ga laifin hakan ba. Har alfahari take yi cewa tana da mutum biyu a banki, ɗaya a reshe, ɗaya a sama.

Wata Laraba a watan Mayu, wajen ƙarfe goma na safe, tana tsaka da tuƙa tuwon shinkafa, wayar ta yi ƙara a ƙirjinta. Ta miƙa wa Umma, matar da ke taya ta aiki, muciya, ta koma gefe. Ridwanu ne, amma muryarsa ƙasa-ƙasa kamar wanda ya ɓuya a bayan ƙofa. Ya ce gwamnati ta aiko wa bankuna umarni a rufe asusun duk baƙon da takardunsa ba su cika ba, a kuma miƙa sunayensu ga jami'an shige da fice. Ya ce jerin sunayen yana kan teburin ogansa yanzu haka, ya gani da idonsa, sunanta ne na bakwai. Ya karanto mata lambar asusunta tiryan-tiryan don ta san ba wasa yake yi ba. Ya ce da ƙarfe sha biyu za a danna kwamfuta, kuɗin duk su koma hannun gwamnati, ba mai sake ganin su.

Hajo ta zauna a kan buhun gawayi. Abin da Ridwanu bai sani ba, ko kuma ya sani sarai, shi ne Hajo ta ga korar baƙi ta shekarar tamanin da uku da idonta. Ta ga mutane a Iddo da ƙullin kaya a ka suna rububin shiga manyan motoci, ta ga maƙwabta sun sayar da gado da katifa a kan kuɗin da bai kai na tabarma ba. Ita da Salissou da 'ya'ya biyu ƙanana sun yi kwana huɗu a bayan tirela kafin su ga iyaka, sai bayan shekara suka lallaɓo suka dawo. Tun daga lokacin, duk sanda ta ga mai kaki ya nufo rumfarta sai gabanta ya faɗi. Kardantitenta kuwa, katin shaidarta na Nijar, ya daɗe da mutuwa a ƙasan akwati.

Ta ce bari ta ruga wurin Rifkatu. Ya ce kul, kada ta kuskura, jami'an suna zaune a reshen tun safe suna jiran masu sunayen, kuma Rifkatu da kanta ce ta tattara sunayen, ba don tana so ba, aiki ne ya tilasta mata. Ya ce shi zai iya zare sunanta kafin ogan ya dawo daga taro, amma kwamfutar ba za ta buɗe masa ba sai da lambobin nan huɗu.

"Hajiya, minti biyar nake da shi. Ba kuɗinki nake ji ba, na bayin Allahn nan da suka ba ki amana nake ji."

Maganar Rifkatu ta faɗo mata a rai, ta ji ta sarai. Amma ta tuna fuskar Ɗanliti ranar da ya dawo, ta ga kanta tsaye a gaban mutum talatin tana ce musu gumin raninsu ya tafi. Ta rufe ido ta faɗi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ya maimaita, ta ce haka ne. Ya ce ta kashe wayar har gobe, don da ita ake gano inda mutum yake, kada kuma ta gaya wa kowa. Ta yi masa addu'a, ta sa masa albarka, ta kashe wayar ta tura ta cikin buhun shinkafa.

Ta koma bakin aiki, amma hankalinta ba ya jikinta. Ta zuba gishiri sau biyu a miyar taushe. Umma ta tambaye ta ko lafiya, ta ce kanta ne ke ciwo. Wajen sha biyu Ɗanliti ya zo, rigarsa duk jinin mahauta, fuskarsa kuwa a washe. Ya ce direban da ya sauko jiya ya ce an yi ruwan shuka a wajensu, ƙasa ta jiƙu sosai, shi Asabar zai tafi, in ta samu sarari ta tura masa nasa reshen Katsina ya tarar da shi can. Hajo ta ce Allah Ya kai mu. Ta zuba masa tuwo, ita kanta ba ta san ko tsoron jami'ai ne ke damunta ko wani abu dabam da ya fara ci mata zuciya ba.

Da ma an yi ruwa da asubahin ranar, hanyar rumfar duk taɓo ce. Ana gab da kiran azahar sai ga okada, wato babur ɗin haya, ta taho tana zille-zille cikin caɓi, ta tsaya a bakin titin jirgi. Wadda ta sauko tana sanye da kwat da siket na ma'aikatan banki. Hajo na hango ta ta gane Rifkatu ce, jikinta ya ba ta cewa jami'an suna biye. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, mai jikoki biyar, ta tsallake tukunya ta shige bayan rumfa ta tsuguna tsakanin gangunan ruwa, ta ce wa Umma ta ce ba ta nan.

Umma ta faɗa kamar yadda aka ce mata. Rifkatu ta dubi benci, ta dubi murhu, ta hango gefen zanin Hajo ya leƙo daga bayan ganga. Ta tattare siket ta zagaya, takalminta mai tsini yana nutsewa a laka, ta durƙusa a gabanta. Ba kowa a bayanta.

"Mama, ke kika ce a ba wani Abdulganiyu kuɗinki duka a reshen Isolo?"

Hajo ta ce ita ba ta san wani Abdulganiyu ba, ba ta kuma aiki kowa Isolo ba.

"To wa kika ba lambarki?"

Sai a lokacin abin ya warware wa Hajo gaba ɗaya, kamar an yaye mata mayafi daga fuska: wasiƙar da ya daɗe yana kallo, katin da bai taɓa fitowa daga aljihu ba, canjin da ba ya karɓa. Ta ba Rifkatu labarin a gutsuttsure. Rifkatu ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce babu wata doka, babu jerin suna, babu jami'i ko ɗaya a reshensu, kuma ba ta san wani Ridwanu a hedikwata ba. Ta ce wajen sha ɗaya saura saƙo ya sauko teburinta, wata mata ta kira da sunan Hajo, ta latsa lambar daidai, ta ce a kwashe duk abin da ke asusun a ba wani a Isolo. A ƙa'ida, tunda lamba ta yi daidai, sa hannu kawai ya rage mata. Amma ta tsaya tana tunani: wata bakwai tana sa wa Hajo hannu, ba ta taɓa ganin ta tura kuɗi wani wuri ba sai arewa, kuma kaɗan-kaɗan, ba a dunƙule ba. Isolo kuma ai danfo ɗaya ne, mai son ba wani kuɗi a can me zai hana ta kira shi ya zo? Ta yi ta kiran wayar Hajo tana jin ta a kashe. Ta ajiye takardar a ƙarƙashin wasu, ta ce wa na kusa da ita za ta fita sayen magani.

Hajo ta tambaya ko an riga an biya. Rifkatu ta ce ba a biya ba, amma su yi sauri, don manaja yana iya sa hannu da kansa in ya ga takardar.

Hajo ba ta taɓa hawa okada ba a rayuwarta, kullum cewa take yi abin hawan masu gaggawar zuwa lahira ne. Ranar ta hau, ta riƙe rigar ɗan okadan da hannu biyu, tana salati har bakin banki. Suka tarar da manajan tsaye a gaban teburin Rifkatu da takardar a hannu, ransa a ɓace. Reshen Isolo sun kira sau uku, wai mutumin yana can yana ɗaga murya yana cewa ana wulaƙanta shi. Manajan ya fara zazzaga wa Rifkatu faɗa da Turanci, ita kuwa ta matsa gefe ta nuna masa Hajo, da zaninta mai warin hayaƙi da silifas duk laka, ta ce ga mai asusun, a tambaye ta. Da ya ji bayani sai ya sauke murya. Ya ja layi biyu a kan takardar, ya kira Isolo ya ce su riƙe mutumin da dabara. Suka ce ai bai daɗe da fita ba, wai zai amsa waya a waje. Bai dawo ba. Ridwanu ma tun daga ranar ba a sake ganin ƙeyarsa a Agege ba.

Aka soke tsohuwar lambar, aka ba ta sabuwa a wata ambulan. Da Rifkatu ta kawar da kai kamar wancan karon, sai hawayen da Hajo ke ta dannewa suka zubo. Ta kama hannunta ta riƙe, sai cewa take Allah Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini. Rifkatu ta ce amin, Mama, ta kuma roƙe ta abu ɗaya: duk wanda ya kira ta da sunan banki, ko wane ne, ko me ya ce, ta ce masa tana zuwa da ƙafarta, sannan ta kashe kiran, ba wayar ba.

Umma ta ba ta shawara ta bar maganar a cikinta, tunda ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Hajo ta kwana da shawarar, ta tashi ba ta gamsu ba. Kuɗin ba nata ba ne, ta ce, masu shi suna da haƙƙin su san irin hannun da suka ba ajiya. Washegari bayan la'asar, lokacin da benci ya cika, ta ajiye ludayi ta gaya musu komai, ba ta rage ba, har da ɓuyanta a bayan ganga. Wani saurayi mai suna Muhammad Auwal, mai tura kurar ruwa, ya ce shi dai a ba shi nasa gobe, zai ɗinke a cikin wando kamar yadda ubansa yake yi. Hajo ta ce ya yi gaskiya, ba ta kuma ji haushinsa ba. Mutum uku suka bi bayansa. Ɗanliti kuwa ya gama lashe hannu tukuna, sannan ya yi magana.

"Inna, ni da bindiga aka tare ni na miƙa. Ke da baki aka tare ki. Duk fashi ne. Ki tura mini nawa Katsina kamar yadda muka yi."

Ran Litinin ya kira ta daga wata rumfar waya a Katsina. Layin yana ta yankewa, amma ta ji abin da take son ji: ya karɓa cif, ya sayi taki, yana neman motar ƙauye.

Sai bayan mako biyu Hajo ta ji sauran labarin, daga bakin Hamani, mai gadin ƙofar bankin, wanda shi ma mutumin Nijar ne. Ya ce an ba Rifkatu takardar tuhuma saboda ta bar teburinta ba izini ta kuma riƙe saƙo sama da awa biyu, har an ce abin zai iya taɓa ƙarin girmanta. Ita ba ta taɓa faɗa ba. Hajo ta shiga ofishin manajan ba tare da an yi mata iso ba, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi da Yarbancin da ta tsinta a kasuwa, ta ce in akwai mai laifi ita ce, a hukunta ta, a bar yarinyar nan. Mutumin ya rikice, ya taso ya ɗaga ta yana cewa ai ta haife shi. Ya ce zai duba. Ko ya duba ko bai duba ba, Hajo ba ta taɓa sani ba, don duk sanda ta tambaya sai Rifkatu ta yi dariya ta ce takarda ce kawai, ba ta cizo.

Hajo ta sayi turmin atamfa mai tsada ta kai mata, Rifkatu ta ce dokar aiki ta hana ta karɓa. Ta kai turare, shi ma haka. Abin ya dami Hajo ƙwarai, don a wurinsu wanda ya yi maka alheri ya ƙi karɓar tukuici ya bar ka da kaya a ka. Rannan cikin hira ta tambaye ta me ta fi kewa a gida. Rifkatu ta ce gwaten acca na uwarta, shekara uku rabonta da shi. Hajo ba ta taɓa dafa acca ba. Ta sa aka nemo mata mudu biyu wurin masu hatsi a Iddo, ta je wurin wata matar ɗan sanda mutuniyar Mangu ta koya mata yadda ake wanke ta a rege tsakuwa, da lokacin da ake zuba yakuwa da gauta da gyaɗa. Na farkon ya yi kauri kamar tuwo. Rifkatu ta cinye tas a bayan teburinta, ta ce ya yi daɗi, sai dai a ƙara ruwa a rage kanwa. Abinci dai doka ba ta hana ba. Daga nan duk Juma'a sai kwano ya tafi banki a rufe da ƙyalle, Hamani ya karɓa a ƙofa ya shigar, shi ma da nasa ƙunshin tuwon a gefe.

A watan Disamba na shekarar Rifkatu ta kawo mata katin biki. Za ta auri wani malamin makaranta ɗan garinsu, a Pankshin za a yi. Ta kawo ne don girmamawa, ba ta sa ran Hajo za ta bar rumfa ta yi tafiyar kwana guda a mota ba. Hajo ta bar wa Umma tukwane, ta ɗaure manyan ludayanta biyu da muciya a cikin buhu, ta ɗauko atamfar nan da aka ƙi karɓa, ta ce yanzu gudummawar biki ce, ta ga dokar da za ta hana. Ta hau doguwar mota zuwa Jos, daga can ta shiga ƙarama.

Kwana uku ta yi a bakin murhu tare da matan gidan su amarya, sanyin dutse yana kama mata gwiwa, ba ta yarda an karɓe ta ba. Ranar ɗaurin auren ta zauna a bencin baya na cocin da mayafinta, ba ta san waƙoƙin ba, amma duk inda aka ce amin ta ce amin. Da aka fito, uwar amarya, wata 'yar tsohuwa mai sanda, ta tambayi 'yarta wace ce wannan baƙuwa da ta fi kowa aiki. Rifkatu ta ce uwarta ce ta Legas. Tsohuwar ta dubi Hajo sama da ƙasa, ta ce to ai sai a kawo mata kujera a nan gaba, kusa da tata. Aka kawo, suka zauna, aka fara rabon abinci.